Amsa ga mai tambaya kan masarar da ake yankewa da dare

Wa'alaikumus salam Malam. Ka ce masararka ta kwana goma sha biyu, kullum da safe sai ka tarar an datse wasu daga gindi suna kwance, ka yi feshi sau biyu ba ta daina ba. Wallahi na sha wannan a fadamata, har na zargi yaran maƙwabta.

Kafin ka ƙara sayen magani, ka sammaka gona, ka tona gindin wadda aka yanke da yatsa, zurfin gaɓa ɗaya ko biyu. In ka ga tsutsa mai ruwan toka ko baƙa-baƙa, kana taɓa ta ta naɗe kamar gammo, to ita ce. In rami ka gani, ka zargi gyare. Kuma daban take da tsutsar nan da ta shigo mana a 2016, waccan a cikin kunnen masara take zama tana huda ganye. Wannan kuwa wuni take a ƙasa, sai dare ta fito. Ka ga ke nan mai feshi da hantsi ganye kawai yake wa wanka.

Ni sai gab da magariba nake feshi, da magani mai lambda-cyhalothrin ko cypermethrin, daidai awon da ke jikin kwalba, in sauke bakin famfo kan gindin shuka. In ƙasa ta bushe ƙayau, ka fara ban ruwa, danshi ke taso da ita sama. Ƙaramin fili kuwa tsinta da hannu ta fi araha.

Amma asalin abin ciyawa ce. Uwar tsutsar, wani malam-buɗe-littafi ne mai yawon dare, a kan ciyawa take zuba ƙwai. Shekarar da ta fi cutata, yau na yi huɗa gobe na shuka, tsutsa na cikin yunwa tsiro ya fito mata. Yanzu ina barin sati biyu tsakani, rana da belbela su yi nasu aikin, in kuma share bakin gona.

Kada ka yi gaggawar sake shuka. Masara ƙarama in a saman ƙasa aka yanke ta, sau da yawa tana tofowa, ka ba ta kwana huɗu ka gani. Tumatir da tattasai ne ba sa dawowa, su sai dai sabon dashe. Allah Ya ba da amfani mai albarka.