Layin intanet biyu, amma BGP ta tsaya a Active

Tambaya: Ina da ƙaramin kamfanin raba intanet a Birnin Kebbi. Na karɓi layi daga kamfanoni biyu, ɗaya ta faiba, ɗaya ta rediyo, saboda masu aikin hanya kan tsinke mana faiba. Na saita BGP, ƙa'idar da kamfanonin intanet ke musayar hanyoyi da ita, a rautar Cisco, amma da kamfani na biyu ta tsaya a Active. Ina gyaran yake?

Amsa: Malam, abin da kake nema shi ne Established, wato haɗin ya kafu. Active na nuna rautarka tana ta neman haɗuwa ta TCP a tasha ta 179, ba ta samu ba. Fara da ping zuwa adireshin maƙwabcin, wato rautar kamfani na biyu. In ya amsa, duba ko katangar tsaro ta toshe 179, ko lambar remote-as da ka sa ba ta kamfanin ba ce, ko kalmar sirrin MD5 ta saɓa. Tsakanin kamfanoni biyu, BGP na fita da TTL 1, wato saƙon ba ya wuce rauta ta gaba, don haka in akwai wata rauta a tsakaninku, ko kuna haɗuwa ta loopback (adireshin cikin rauta), sai ka sa ebgp-multihop da update-source.

Wannan shi ne mai sauƙin. Da kamfanoni biyu kana buƙatar lambar AS taka (lambar shaidar cibiyarka a BGP) daga AFRINIC, hukumar raba adireshin intanet a Afirka, da aƙalla /24 (rukunin adireshi 256), domin manyan kamfanoni na watsi da abin da ya gaza haka. Lambobin AS daga 64512 zuwa 65534 na cikin gida ne, ba sa fita duniya. Umarnin network kuma ba ya sanar da komai sai adireshin yana cikin teburin rauta daidai da tsawonsa. Shi ya sa ake nuna /24 ɗin zuwa Null0, ƙofar da ba ta kaiwa ko'ina, don ya shiga teburin.

Inda na fi ja maka kunne shi ne tacewa. Kafin ka kunna layi na biyu, sa prefix-list da zai bar adireshinka kaɗai ya fita ta kowane ɓangare. In ba haka ba, hanyoyin da ka koya daga na farko za ka miƙa wa na biyu, kayan mutane su riƙa bi ta 'yar rediyonka har ta shaƙe. A Nuwamban 2018 irin wannan kuskure daga kamfanin intanet na MainOne a Legas ya karkatar da zirga-zirgar Google ta Rasha da Sin sama da awa ɗaya.

Ka ce kamfanonin su turo maka default kawai, wato hanya ɗaya da ke zuwa ko'ina. Cikakken teburi na da hanyoyi wajen miliyan ɗaya, ƙaramar rauta ba za ta ɗauka ba. Don faiba ta zama babbar hanya, ba ta local-preference 200, rediyo ta zauna a 100, sannan ka maimaita lambar AS ɗinka sau uku a sanarwar da ke bi ta rediyo.

Sai lokaci. In faiba ta tsinke can nesa, layin zai nuna yana aiki, rauta ta jira daƙiƙa 180 kafin ta juya. Ku daidaita da kamfanin a kan keepalive na daƙiƙa 10 da jira na daƙiƙa 30, ko su kunna maka BFD mai saurin gano tsinkewa.