Harsashin .40 har yanzu yana da amfani?

Malam ka tambaya ko fistol mai cin harsashin .40 S&W ta cancanci riƙewa don kare kai. To a Amurka dai kasuwarsa ta ja baya gaskiya, a 1990 aka fito da shi bayan artabun hukumar binciken manyan laifuka ta FBI a Miami na 1986, 'yan sanda suka rungume shi, daga baya FBI ɗin da kanta ta koma harsashin 9mm tunda an inganta shi, ga arha, ba ya ture hannu sosai kuma magazin, wato ma'ajin harsashi na bindigar, ya fi ɗaukar da yawa. Shi .40 ɗin yana aiki dai, ba wai ya lalace ba.

Amma fa nan Legas, ko Agege kake ko Mile 12, dokar makamai ta 1959 ta haramta fistol sai da lasisin shugaban ƙasa, in aka kama ka da ita wallahi sai gidan yarin Kirikiri.