Alhaji, yaronka gaskiya ya faɗa maka: haka farkon lokacin ƙanƙara yake

Assalamu alaikum Alhaji, Allah ya ƙara girma. Na ga tambayarka. Ka ce yaronka da ke karatu a Kebek, can Kanada, ya samu aiki a wurin da ake gyara hanyoyin wasan siki na cikin daji, ya turo maka hoton gari fari fat da dusar ƙanƙara, amma ya ce har yanzu ba a buɗe hanyoyin ba, aikin ma 'yan awoyi ne a mako. Kana son sanin ko masu wurin ne ke ja masa rai, ko shi ne ke ɓoye maka wani abu. Kafin in dawo Garwa in kama tuƙin gireda, na yi hunturu da dama ina wannan aikin a arewacin birnin Kebek, don haka bari in faɗa maka abin da na sani. Ka kwantar da hankalinka, abin da yaron ya gaya maka shi ne ainihin yadda Nuwamba take.

Wasan da yake yi wa hidima ba shi ne wanda ake gani a talabijin mutum na gangarowa daga kan dutse kamar harsashi ba. Wannan tafiya ce ta dogon zango a kan allunan siki siraru, mutum na tura kansa da ƙafa da sanduna biyu, ya hau tudu ya sauka kwari, kilomita goma, ashirin, wani ma fiye. Akwai gasar Vasaloppet a Suwidin da ake yi tun 1922, kilomita 90 ce. Mai irin wannan tafiya dole sai an shimfiɗa masa hanya, kuma shimfiɗar iri biyu ce. Akwai ta gargajiya, wadda ake yanka gurbi biyu a jere, kowane allo ya shiga nasa. Akwai kuma fili mai faɗi da aka daidaita, na masu ware ƙafa suna zamiya hagu da dama, salon da ya yaɗu a shekarun 1980. Yanka gurbin nan shi ne ƙarshen aiki, kuma shi ne abin da ba ya yiwuwa da ƙanƙarar farko.

Dalili kuwa, sabuwar dusar ƙanƙara yawancinta iska ce. Idan ka narkar da santimita 10 nata, da kyar ka samu santimita 1 na ruwa. Abin da ya rufe gari a hoton nan, wanda ka ga kamar ya kai gwiwar yaro, in aka danne shi sosai santimita 20 na iya komawa 5 ko 6. Shi kuma gurbin siki a ƙa'idar gasa zurfinsa santimita 2 zuwa 5 ne, kuma dole a samu kauri a ƙarƙashinsa. In ka yi gaggawa ka sauke ƙarfen yanka a kan shimfiɗa marar kauri, sai ya tono ƙasa da tsakuwa da ciyawa ya watsa a sama. Ƙasar nan baƙa ce, tana jan zafin rana, sai ta narkar da abin da ke kewaye da ita. Hanyar da aka ɓata haka a Nuwamba, sai ka yi ta fama da ita har bayan Kirsimeti.

Saboda haka aikin farko dannewa ne kawai. Za a ɗaura wa babur ɗin ƙanƙara, irin su Ski-Doo, wata ganga mai birgima a baya, a bi hanya a hankali ana matse iskar. Akwai hikima ta biyu a nan da ban gane ta ba sai da wani tsoho da muka yi aiki tare ya sa na tona da hannuna: dusar da ba a danne ba tana rufe ƙasa ruf, ta hana sanyi shiga, ƙasar ta zauna da ɗuminta tana cin ƙanƙarar daga ƙasa. Wadda aka danne kuwa tana barin sanyi ya ratsa, ƙasa ta daskare, shimfiɗar ta samu abin zama a kai. Ga wanda ya taɓa ganin mata na daɓe a tsakar gida, ya riga ya san aikin: a bubbuga har ya haɗu, sannan a hana kowa takawa sai ya kama. Ita ma dusar bayan an danne ta tana bukatar awoyi kafin ƙwayoyinta su manne da juna su yi tauri. Shi ya sa ake aikin da daddare ko da asuba, lokacin da sanyi ke sauka kuma babu mai bi ta kai. In yaron ya ce maka ƙarfe uku na dare yake fita, ba yawo ya tafi ba.

Babbar katafilar, irin su PistenBully ko Prinoth mai injin niƙa ƙanƙara a baya, ba a fito da ita sai shimfiɗa ta yi kauri sosai, don nauyinta tan-tan ne, kuma dutse ɗaya da ya ɓuya na iya karya haƙoran injin, gyaran kuwa ba ƙaramin kuɗi ba ne. Sabon yaro ba zai taɓa sitiyarinta ba a shekarar farko. Nasa shi ne shebur. Za su ɗebo dusa daga gefen daji su zuba inda ƙasa ta leƙo, musamman ƙarƙashin manyan itatuwa masu ganye duk shekara, inda rassa ke tare dusar kafin ta iso ƙasa, da kuma gangaren da ke kallon kudu, wanda rana ke duka. Aiki ne mai cin baya. Kada ya raina shi, don a nan ake gane wanda ya san hanya, kuma wanda ya san inda kowane dutse da kututture yake shi ake ba inji a shekara ta biyu ko ta uku.

Gaskiya ma rabin aikin an yi shi tun kafin ƙanƙara ta sauka. A Satumba da Oktoba ake yanke ciyawa ƙasa-ƙasa, a sare itatuwan da iska ta kayar, a kwashe duwatsu, a share kwalbati da lambatu. Ruwa shi ne babban abokin gaba, ko yaya ya bi ta ƙarƙashin hanya sai ya huda ta. Hanyar da aka share da kyau ana iya buɗe ta da ƙanƙara kaɗan, wadda aka bari da kunya da kututture sai ta jira ninki biyu. A gandun Gatino kusa da Ottawa, inda suke da kusan kilomita 200 na hanyoyin siki, titunan kwalta da ake rufe wa motoci su ake fara gyarawa, saboda sumul suke.

Abin da ya fi ɓata rai a wannan lokaci shi ne dawowar ɗumi. Kun yi dare kuna dannewa, hanya ta fara kyau, sai zafi ya haura sifili, ruwan sama ya sauko, washegari laka. Wani lokaci kuma ruwan ya daskare ya bar gilashi a saman komai. A irin wannan rana mai wurin da ya san aikinsa ce wa ma'aikata yake yi su zauna a gida, don shiga da inji cikin jiƙaƙƙiyar dusa yana barin sawu, in sanyi ya dawo sawun ya zama dutse. Sai a jira ta tsane ta fara kamawa tukuna. Tunda biyan awa-awa ne, ranar da ba a kira shi ba babu kuɗi, kuma a nan ne albashin da kake tambaya yake tsinkewa. Ba na cewa babu mai cutar ma'aikaci a can, akwai, amma ƙarancin awoyi a Nuwamba shi kaɗai ba alamar cuta ba ce. Ya riƙa rubuta awoyinsa a littafi yana gwadawa da takardar biya, wannan ya isa ya nuna masa gaskiya. Ya kuma tuna cewa ɗalibin waje yana da iyakar awoyin aiki a wajen makaranta, awa 24 a mako tun ƙarshen 2024, kada kwaɗayin yawan aikin Janairu ya jefa takardar izinin karatunsa cikin matsala.

In ya ce maka wani wuri ya buɗe tun Oktoba, shi ma gaskiya ne, amma dabara ce daban. A Canmore da ke yammacin Kanada, da Davos a Suwizalan, da wasu wurare a Finlan, suna tara tulin ƙanƙara a ƙarshen hunturu su lulluɓe shi da ɓarzajjen katako, ya kwana duk bazara, mafi yawansa bai narke ba, sannan su baza shi a ɗan zagaye na 'yan kilomitoci don 'yan gasa. Masu injin ƙera dusa su ma sai sanyi ya sauka kusan digiri 2 ƙasa da sifili ko ƙasa da haka. Ƙaramin wuri a cikin daji ba shi da ko ɗaya, sama kawai yake kallo.

Inda nake so ka ja masa kunne da gaske, Alhaji, shi ne ruwa da sanyi. Farkon lokaci tafki da fadama kan yi fari kamar kowane fili, alhali ƙanƙarar da ke kai ba ta yi kauri ba. Ƙungiyar Red Cross ta Kanada tana cewa mutum ɗaya a ƙafa na bukatar santimita 15, babur ɗin ƙanƙara 25. Kada ya yanke hanya ta kan ruwa ko da ya ga sawun wani. Kada ya shiga daji da dare ba tare da rediyon sadarwa ba, kuma wani ya san layin da ya bi, don batirin waya mutuwa yake yi a sanyi. Babur mai sanyaya inji da ruwa yakan yi zafi idan dusa ba ta da yawa, tunda ita ce ke fantsama ta sanyaya shi, in fitilar gargaɗi ta kama ya tsaya, kada ya matsa. Sannan ya rabu da kayan auduga a jikin fata, suna shan zufa su riƙe sanyi. Ulu ko na roba a ciki, riga a kan riga, takalmi mai ɗan fili don jini ya zaga, safar hannu biyu da ta canji a aljihu. In yatsa ko kunne ya yi fari ya daina ji, ya shiga ɗaki ya ɗumama shi a hankali, ban da murzawa, ban da kara shi a wuta. Ya yi alwala ya bushe sarai kafin ya fita. A Disamba rana na faɗuwa wajen ƙarfe huɗu, azahar da la'asar da magariba suna zuwa kusa da kusa, ya gaya wa shugabansa tun wuri, ni dai ban sha wahala a kan wannan ba.

Ka kuma ce abokanka na yi maka dariya wai ɗan Garwa me ya haɗa shi da wasan Turawa. Ka gaya musu ɗan Kamaru, Isaac Menyoli, ya ɗaga tutarmu a gasar Olamfik ta hunturu a Salt Lake City a 2002, kuma a wannan wasan na dogon zango ya fafata. Ni zan so ma yaron ya karɓi aron tsofaffin alluna ya koyi hawa, irin waɗanda ake ajiyewa don farkon lokaci saboda karcen duwatsu. Mai gyaran da bai taɓa bin hanyarsa da ƙafarsa ba ba zai gane kwanar da ta yi tsauri ko gurbin da ya karkace ba.

Yawanci daga tsakiyar Disamba zuwa hutun ƙarshen shekara aiki ke kankama, ya ci gaba har Maris, wata shekarar ya taɓa Afrilu. Kafin nan kada ka sa rai da saƙon kuɗi daga gare shi, kuma in akwai hali ka bar masa abin da ya samu ya sayi takalmi mai kyau, don shi ne kayan da ba a yi masa araha. In Janairu ta shiga, ƙanƙara ta zauna, kuma har yanzu awoyin ba su ƙaru ba, to ka sa ya kira ni mu duba takardar aikin tare. A gaishe da Hajiya da sauran yara.