Yaya mutum uku suka hana a kashe wanda ya kashe mutum 17?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na karanta labarin saurayin da ya harbe mutum 17 a wata makarantar sakandare a Parkland, jihar Florida ta Amurka. Ya amsa laifinsa da bakinsa, amma ba a yanke masa hukuncin kisa ba, wai saboda wasu "masu taya alƙali" ba su yarda ba. Su wane ne waɗannan mutane, har maganarsu ta fi ta alƙali? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Dole abin ya ɗaure maka kai, domin a kotunanmu na Najeriya alƙali ne ke sauraron shaidu, shi ke cewa an yi laifi ko ba a yi ba, shi kuma ke yanke hukunci. A Amurka an raba aikin gida biyu. Alƙali yana kula da doka da tafiyar da zama. Tantance gaskiyar abin da ya faru kuwa aikin wasu mutanen gari ne da ake kira juri, yawanci su 12, waɗanda ake zaƙulowa daga rajistar masu zaɓe ko ta lasisin tuƙi. Za ka iske direba da malamar asibiti da ɗan fansho a benci ɗaya. Sunan "masu taya alƙali" da muka ba su ya rage musu girma: idan suka wanke mutum, alƙali bai isa ya juya maganar ba.

A shari'ar da za ta iya kai wa ga kisa, zama biyu suke yi. Wannan tsari ya kafu ne bayan Kotun Ƙolin ƙasar ta dakatar da hukuncin kisa a 1972, ta kuma amince da dawowarsa a 1976. A zaman farko su duba ko ya aikata. A na biyu su auna abubuwan da ke ƙara wa laifin muni, kamar yawan rayukan da aka kashe da shirin da aka yi tun da wuri, da kuma waɗanda ke jawo sassauci, kamar taɓin hankali ko ƙuncin ƙuruciya. Tun 2002 kotun ta ce juri ne za su tabbatar da abin da ya sa laifi ya cancanci kisa, ba alƙali shi kaɗai ba.

To, saurayin da ka ambata, Nikolas Cruz, ya yi kisan a 2018, ya amsa laifi a 2021, don haka zama na biyu kawai aka yi. Lauyoyinsa sun kafa hujja da cewa mahaifiyarsa ta riƙa shan giya tana ɗauke da cikinsa, abin ya taɓa masa ƙwaƙwalwa. A watan Oktoban 2022 mutum tara suka ce a kashe shi, uku suka ƙi. Dokar Florida a lokacin ta ce sai bakin duka 12 ya zo ɗaya, shi ya sa ya tashi da ɗaurin rai da rai. Iyayen yaran da aka kashe sun fusata, kuma ban ga laifinsu ba. A 2023 jihar ta sauya doka, yanzu mutum takwas cikin 12 sun isa. Alabama na neman goma. Sauran jihohin da ke kisa akasarinsu na nan kan sai kowa ya yarda.

Ni dai ina tare da wancan tsohon sharaɗi, duk da ɗacin abin da ya haifar a Parkland. Dalilina shi ne yadda ake tace mutanen tun kafin su zauna. Duk wanda ya ce ba zai taɓa iya sa hannu a kashe mutum ba, cire shi ake yi. Ke nan waɗannan ukun da suka ƙi, mutane ne da suka riga suka shaida wa kotu cewa za su iya duba hukuncin kisa, sai hujjar sassauci ta rinjaye su. Idan huɗu daga cikin irin waɗannan suna shakka kuma a kashe mutum, an yi garaje da abin da ba ya gyaruwa.

Kada kuma ka ɗauka tsarin ba shi da aibi. Wurin tacewar nan ne wariyar launin fata ke kutsowa. Curtis Flowers, baƙar fata daga Mississippi, sau shida aka gurfanar da shi kan tuhuma ɗaya, kuma mai gabatar da ƙara ya cire baƙaƙe 41 cikin 42 da za su iya zama juri. Kotun Ƙoli ta soke hukuncinsa a 2019, aka janye ƙarar a 2020, bayan ya shafe shekara fiye da 20 a tsare.