Amsa: Wane inji ya dace da tsohuwar Suzuki Samurai?

Malam, ka ce Samurai ɗinka tana nishi a kan tudu tun da ka sa mata manyan tayoyi, kana so ka canza inji. Kafin ka kashe kuɗi, ka sa bakanike ya auna matsin silinda, ya wanke kafireta. Injinta na asali mai lita 1.3 ƙarfin doki 63 kawai yake bayarwa, manyan tayoyi kuma su ke cinye wannan ɗan ƙarfin. Sau da yawa sauya haƙoran giyar da ke raba ƙarfi ga tayoyi huɗu shi ne maganin, kuma ya fi araha.

In dai sai ka canza, nemi injin Suzuki Vitara mai lita 1.6, ɗan gida ɗaya ne. Mai bawul 8 yana ba da wajen doki 80, mai bawul 16 kuma wajen 95. Zai haɗu da giyarka amma sai da farantin haɗi a tsakani. Wahalar tana wajen wayoyi: inji mai injekta, wato na'urar da ke fesa mai a madadin kafireta, yana buƙatar kwamfutarsa, da wayarinsa cikakke, da famfon mai mai ƙarfi. Kada ka yarda a sayar maka da inji tsirara, an yanke wayoyi da almakashi. Nan ne aiki yake kwana wata da watanni a gareji.

Babban inji mai silinda 6 kuwa ban ba ka shawara ba. Nauyinsa zai danne gaba, giyar ba za ta jure ba. Ka duba lagireto da birki ma, ka kuma gyara lambar inji a takardun mota.