Cikina wata bakwai, fuskata ta kumbura: alamar ɗa namiji ce?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Cikin fari ne da ni, ya shiga wata na bakwai. Laulayi ya sake ni tun a wata na huɗu, kuma ina jin motsi lafiya lau. Amma yau kwana goma ke nan ƙafafuna da fuskata a kumbure, zobena ma ya ƙi fita, ga ciwon kai da ba ya jin magani. Surukata ta ce namiji zan haifa, in kwantar da hankalina. Me ya rage in gani kafin haihuwa? Kuma kumburin nan na lafiya ne?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata. Yau ɗin nan, kada ki bari sai ranar awo, ki je asibiti a auna hawan jininki, a gwada fitsarinki.

Abin da ya wuce daidai yake. Laulayi yakan lafa wajen mako na 12 zuwa 14, mai cikin fari kuma takan fara jin motsi tsakanin mako na 18 da na 20. A gaba akwai ƙwannafi, ciwon ƙugu, yawan fitsari, da ciki ya riƙa ɗaurewa yana saki alhali ba naƙuda ba ce. Wajen mako na 36 kan yaro yakan sauko, numfashi ya ɗan sassauta. Daga mako na 37 kuwa, ko yaushe haihuwa na iya zuwa.

Kumburin ne ya tayar mini da hankali. Ƙafar da ta tasa da yamma ta sace da safe ba abin damuwa ba ce. Amma fuska da yatsu, tare da ciwon kai, wannan muna zargin hawan jinin masu ciki ne, wanda ke bayyana bayan mako na 20, kuma ya fi kama masu cikin fari da masu tagwaye. Daga mabiyiya matsalar take tasowa: jini ya kai 140 bisa 90 ko ya wuce, ƙoda ta fara zubar da sinadarin furotin cikin fitsari, abin da ke kai wa yaro ya ragu. In aka yi sakaci, ƙarshensa jijjiga.

Wallahi na gaji da jin maganar nan ta namiji. Babu ranar da ba na jin ta a ɗakin awo. Jinsin yaro ba ya kumbura fuskar kowa. Surukarki ba mugunta take nufi ba, abin da ta taso ta ji ke nan, amma na sha karɓar yarinya a sume, harshe a tattaune, wadda aka yi wata guda ana yi mata barka da kumburi. Da ta faɗi sai a ce iska ce, a turnuƙe ɗaki da hayaƙi, a cusa mata cokali a baki, a ɗura mata jiƙo tana sume har ya wuce huhu. Sai an kwana an yini sannan a nemi mota. Ga kuma mai kemis da bai taɓa ɗaura mata abin awo a hannu ba, zai miƙa mata ƙwayar sa fitsari wai kumburi ya sace, cutar kuwa tana nan tana ci. A yi addu'a, amma a yi ta a kan hanyar asibiti.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne maganin yana nan. Akwai maganin hawan jini da ya dace da mai ciki, akwai allurar magnesiyam salfet da ke tare jijjiga. In abin ya tsananta mukan sa mai cikin ta haihu kafin lokaci, domin sai mabiyiya ta fita cutar ke ja da baya. Ko bayan haihuwa ma sai an ci gaba da awo, don tana iya tasowa cikin jego.

Ki nuna wa maigidanki wannan amsar, ku tafi tare. In kika fara ganin dishi-dishi ko walƙiya a ido, ko ciwo a ƙarƙashin haƙarƙarin dama, ko motsin yaro ya ragu, ko da tsakar dare ne ku fita, kuma kada ki bi layi: ki faɗa wa ma'aikaciyar farko da kika gani.