Tambaya da Amsa: Da gaske ne Al Capone mai taimakon talakawa ne?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ɗana ɗan shekara 17 ya sa hoton wani Bature, Al Capone, a wayarsa, har abokansa sun fara kiran sa da sunan. Da na yi masa faɗa sai ya ce ai mutumin ya ciyar da talakawa kyauta, kuma yaransa junansu kawai suke kashewa, ba sa taɓa wanda bai ji ba bai gani ba. Unguwarmu ga 'yan daba, wallahi barci ya gagare ni. Don Allah wane ne wannan mutumin? Daga wata uwa a Kano.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Hajiya. Allah ya shirya mana zuri'a. Kina da gaskiya da kika damu.

Amurka ta haramta yin giya da sayar da ita daga Janairun 1920 zuwa Disambar 1933, masu sha kuwa ba su daina ba, sai kasuwar ta koma hannun 'yan fasa-ƙwauri. Capone yaron wani shugaban ƙungiyar 'yan daba masu fasa-ƙwaurin giya ne, Johnny Torrio, a birnin Chicago. Da aka harbi Torrio a 1925 ya tsallake rijiya da baya, sai ya bar wa Capone ƙungiyar, tare da gidajen caca da gidajen karuwai da take ci da su.

Abin da ke ɓata min rai shi ne wannan magana ta "junansu suke kashewa". Na ji ta a bakin ɗalibai har na gaji, kuma duk daga 'yan gajerun bidiyon nan ne da ake haɗawa da kiɗa, a nuna mutum cikin kwat da hula yana busa sigari. Masu haɗa su ba su taɓa buɗe littafin tarihi ba, mabiya kawai suke nema. Wanda ya yarda da ita ya riga ya yarda cewa akwai ɗan daba mai ƙa'ida, kuma daga nan ake fara raka su.

A zaɓen garin Cicero, da ke gefen Chicago, a Afrilun 1924, yaran Capone sun tsaya a bakin rumfunan zaɓe da bindigogi, suna dukan mutane suna sace ma'aikatan zaɓe. Masu jefa ƙuri'ar nan 'yan wace ƙungiya ce? A Satumbar 1926 abokan gabarsa suka jero motoci da rana tsaka suka yi wa otal ɗin Hawthorne, inda yake zaune, ruwan harsasai. Shi ya kwanta a ƙasa ya tsira, wata mata da ke zaune cikin mota a bakin titi ita ta ji rauni a ido. A zaɓen fid da gwani na 1928 an yi ta jefa bama-bamai a gidajen 'yan siyasa, har zaɓen ya samu laƙabi daga gurnetin da suke kira abarba. Ranar zaɓen aka bi wani lauya baƙar fata, Octavius Granady, da mota aka harbe shi, laifinsa ya fito takara yana ƙalubalantar ɓangaren da 'yan daba ke yi wa aiki. Ba wanda aka ɗaure a kansa. Ban ma taɓo talakawan da suka makance ko suka mutu saboda gurɓatacciyar barasar da ta cika kasuwa a shekarun ba, ko matan da ke cikin waɗancan gidaje.

Batun ciyarwa kuwa ya faru, ba zan ɓoye miki ba. A ƙarshen 1930, lokacin da tattalin arzikin Amurka ya durƙushe, ya buɗe wurin raba miya da burodi da kofi a titin South State, marasa aiki suna yin layi. Amma a duba lokacin. Sunansa ya riga ya ɓaci, masu binciken haraji suna bin diddiginsa, yana bukatar jaridu su ɗauki hoton alherinsa. Wurin bai daɗe ba aka rufe shi. Ai mu ma mun san mai raba shinkafa idan zaɓe ya ƙarato.

A Oktoban 1931 aka yanke masa shekara 11 kan ƙin biyan haraji, domin shaidun kisa ba sa yarda su buɗe baki. Sai da alƙali James Wilkerson ya sauya masu taya shi yanke hukunci a ranar fara shari'a, don an sami labarin an nemi saye su. Ya yi zaman kurkukun Alcatraz, ya fito a 1939 ciwon sanyi na tunjere ya taɓa masa ƙwaƙwalwa, ya mutu a 1947 yana da shekara 48.

Hajiya, kada ki ƙwace wayar, taurin kai kawai zai ƙara. Ki zaunar da shi, ko ki sa babansa ko kawunsa, a ba shi labarin ranar 14 ga Fabrairun 1929. A wata gareji a titin North Clark, mutane huɗu suka shigo, biyu cikin kayan 'yan sanda, suka jera mutum bakwai fuskarsu na kallon bango, suka buɗe musu wuta. An so a samu Bugs Moran, abokin gabar Capone, amma bai riga ya shiga ba. Capone yana Florida a ranar, kuma ba a taɓa hukunta kowa ba, ko da yake zargi a kan mutanensa ya tsaya. Cikin gawawwakin akwai John May, makaniken da ke gyara wa yaran Moran motoci, karensa na ɗaure a jikin mota yana ta haushi. Akwai kuma Reinhardt Schwimmer, mai sana'ar tabarau, wanda ba ɗan ƙungiya ba ne. Burge shi kawai suke yi, yana son a gan shi tare da su, shi ya sa ya je shan kofi da su da safen nan.

A kan wannan Schwimmer nake so ki tsaya da ɗanki. Ki kuma bincika su waye abokan da suka laƙaba masa sunan, da inda suke zama bayan sallar isha'i.